Kifin Matar Mushe

A shekarar da fari ya kai maƙura, rijiya ɗaya ce ta rage da ruwa a Waca, ita ma sai an ƙulla igiya biyu kafin guga ya taɓa shi. Mai gari ya ɗora yayarsa Gaji a kan rabo. Tsohuwa ce doguwa mai kaifin ido, wadda ko maza ba sa ja da ita, kuma ta san tulunan kowane gida a ka.

Huraira baƙuwa ce a garin. Mijinta Ɗanmalam mushen lakwal ne, wato malamin makarantar boko, daga Damagaram aka turo shi. Cikin kayan da suka ɗauko a bayan kamyo, babbar motar kaya, akwai wani akwatin gilas da gwangwanin shayi, waɗanda wata Baturiya da suka koyar tare ta bar masa da za ta koma ƙasarsu. A cikin akwatin kifaye ne ƙanana, babbansu bai kai ɗan yatsa ba, mazan da wutsiyoyi masu launi kamar an rina su. Ba ƙwai suke sakawa ba, haihuwa suke yi kamar awaki. Huraira ba ta da kowa a Waca, haihuwa kuma ba ta zo mata ba tukuna, don haka ita ce ta shaƙu da su. Takan marmasa musu dusa, ta zauna tana kallonsu har rana ta karkata. Duk Juma'a takan ɗebe ruwan da ya gurɓace ta zuba sabo, kuma daga na wankanta take ragewa.

Da aka kira Ɗanmalam Magariya don ya taya rabon hatsin taimako, sai magana ta fara yawo. Aka ce matar mushe ta kulle ruwa a gilas, da wasu halittu a ciki masu haihuwa ba dare ba rana. Kafin a jima maganar ta zama cewa su ne suka riƙe damina.

Wata safiya Huraira ta isa bakin rijiya sai hira ta ɗauke. Ta yi gaisuwa, aka amsa ciki-ciki. Can gefe wata mata tana tsaye da ƙwarya a hannu, tana jiran ƴan gari su gama. Sunanta Tamu, mutanenta makiyaya ne, sun sauka bayan gari. Garkensu duk ya ƙare a hanya, saura karsana ɗaya, ita ma ba ta iya tashi sai an ɗaga ta.

"Ga wadda kifinta ke sha kafin mu," in ji Tamu. Ba ta ɗaga murya ba, amma kowa ya ji.

Huraira ta dubi Gaji ko za ta tsawata. Tsohuwar ta cika mata tulu kamar kullum, sannan ta ce, "Bayan la'asar ina nan tafe gidanki."

Yinin nan Huraira ba ta iya cin komai ba. Ta yi tunanin ɓoye akwatin, amma nauyinsa ya fi ƙarfinta, kuma ina za ta kai shi a ɗaki ɗaya da rumfa? Ta lulluɓe shi da zane, ta koma ta yaye, don kada a ce ɓoyo take yi. A cikin ruwan babbar macen kifin ta maƙale a kusurwa, cikinta ya yi tsini, ta ƙi cin dusa tun jiya.

La'asar na wucewa ta ji takun mutane. Gaji ta yi sallama ta shigo, Tamu na bayanta. Sauran matan suka tsaya bayan zana, Huraira tana ganin ƙafafunsu ta ƙasa, har da gindin taɓarya da wata ta dogara a kai.

Huraira ta shimfiɗa tabarma. Ba ta da fura, ba ta da goro, kuma ba ta iya barin babbar mace ta zauna mata haka ba. Sai ta tuna da gwangwanin Baturiya, wanda Ɗanmalam ke tanadi don manyan baƙi. Ta ɗora buta a kan gawayi, ta zuba ganyen. Nan da nan ƙamshi ya cika ɗakin, kamar na ɓawon lemo haɗe da wani ɗan itace da ba ta san sunansa ba. Da ta tsiyaya a finjali, sai ya fito ja wur. A take ta gane ta yi kuskure.

Tamu ta ja baya. "Inna, kada ki sha. Shayi ba ya ja haka."

A waje wata ta ce, "Me ta ba su?"

Huraira ta ɗauki finjalin ta kurɓa a gabansu, ya ƙona mata harshe, ba ta nuna ba. "Ganye ne da busassun ƴaƴan itace, Inna. Ga gwangwanin, ki duba."

Gaji ta zuba ganyen a tafin hannu, ta tona shi da farce, ta tsamo wani ɓawo ta tauna. Ta daɗe tana taunawa. Sannan ta karɓi finjali ta yi bisimilla ta kurɓa, ta riƙe shi a baki kafin ta haɗiye.

"Da tsami kamar zoɓo," ta ce. "Amma ya fi zoɓo ƙamshi. Ƙara mini sukari." Ta shanye, ta ajiye finjalin. "To, ba shayi ya kawo ni ba. Nuna mini."

Suka matsa gaban akwatin. Gaji ta sunkuya har hancinta ya kusa taɓa gilas. Tamu kuwa ba kifin take kallo ba, ruwan take kallo, tana auna shi da ido daga ƙasa zuwa sama.

"Wannan ya kai tulu uku," ta ce.

"Ba kullum nake zubawa ba," in ji Huraira. "Kuma daga rabona ne. Ban taɓa neman ƙari ba, Inna ce shaida."

"Rabonki," in ji Tamu. "Ni rabona laka ce."

Ana cikin haka Gaji ta ɗaga hannu. Babbar macen ta karkata jiki, wani abu ƙarami kamar ƙwayar gero mai ido ya faɗo daga cikinta, ya nutse, ya miƙe, ya yi iyo. Wani ya biyo baya. Kafin na ukun ya gama miƙewa, wani namiji ya wafce shi ya haɗiye.

"Cinye su suke yi," in ji Huraira, ta manta da tsoro. "Sai an raba su." Ta rarumi kwanon sha ta ɗebo ruwa daga akwatin, ta ɗauki ludayi, amma ƴaƴan suna zille mata.

"Ba ni," in ji Gaji. Ta tura hannun riga, ta nutsa ludayin a hankali, ta jira ɗan kifin ya shigo da kansa, ta juye shi a kwano. Haka ta riƙa yi, ba ta ko ƙifta ido. Tamu ce ta nuna da yatsa, "Ga wani can bayan dutsen." Daga nan ta kau da kai, kamar ta ji haushin bakinta.

Matan waje sun gaji da jira, har sun fara turo zanar. Gaji ta miƙe, ta fita bakin ƙofa da ludayin a hannu, ruwa na ɗiga daga gwiwar hannunta.

"Na gani da idona," ta ce. "Kifi ne, halittar Allah, yana ci yana haihuwa. Ba shi ya riƙe damina ba. Wadda na ƙara jin ta faɗi haka, ta nemi mai cika mata tulu. Ku watse."

Suka watse suna gunaguni. Huraira ta sauke numfashi, har ta buɗe baki za ta yi godiya, sai Gaji ta juyo.

"Ban gama ba, ƴar nan. Tsafi babu, amma ruwa yana nan, dabba kuma tana kwance bayan gari. Ki bar musu abin da zai rufe bayansu. Sauran a kai wa karsanar."

"Inna, in ruwan ya yi kaɗan zafi zai kashe su."

"Wataƙila," in ji Gaji.

Huraira ta dubi Tamu, ta ga leɓenta duk ya tsattsage, kuma ba alamar murna a fuskarta. Ta ɗauko tulunta da kanta, ta sa ƙyalle a bakinsa don kada kifi ya bi, ta fara ɗiba. Ruwan yana sauka, kifayen suna taruwa a ƙasa suna karo da juna. Da ya rage kamar faɗin tafin hannu, tulu biyu sun cika, Gaji ta ce ya isa. Tamu ta ɗauki tulu ɗaya, Huraira ta ɗauki ɗayan ta bi ta har bayan gari. Karsanar ta sha tana kwance, ta lashe gindin ƙwaryar. Tamu ba ta yi godiya ba, sai dai ta rako Huraira har bakin hanya, tana riƙe mata tulun da babu komai a ciki.

Zafin makon nan ya kashe manyan kifayen kusan duka, har da uwar. Huraira takan tsamo su da safe ta binne a gindin rumfa. Ƴaƴan da ke cikin kwano kuwa suka rayu, don ta jiƙa tsumma ta naɗe kwanon, ta tura shi ƙarƙashin gado inda ƙasa ke da sanyi.

Ba a daɗe ba mutanen Tamu suka kwashe bukkokinsu suka nufi kudu, wajen iyaka. Masu zuwa itace sun ce sun ga karsanar tana tafiya da ƙafafunta a bayan jaki. Ko ta kai inda ciyawa take, Huraira ba ta taɓa samun labari ba.