Metir Ɗari Biyu Daga Katanga

Gonar Malam Balarabe tana bakin kwalta, a kan hanyar Agiye. Bara wani ɗan kasuwa ya sayi filin da ke kudu da ita, ya ja katanga, aka girka manyan tankuna biyu farare. Wurin ɗura gaz ne a kwalabe, irin wanda matan birni ke girki da shi. Balarabe bai damu ba. Abin da ke gabansa shi ne ya gina wa ɗansa Lurwanu ɗaki biyu a ƙarshen gonar, don an sa ranar aurensa. Da aka cire gero, aka buga tubali, aka haƙa tushe.

Wata Talata da hantsi Munira ta iso a kan moto, amalanke na biye da ita ɗauke da turakun siminti. Ɗiyar ƙanwarsa ce, shekara huɗu tana aikin awon filaye. Ta durƙusa ta gaida shi, ta tambayi mutanen gida, sannan ta fiddo takarda.

"Kawu, awo aka turo ni. Daga katangar can zuwa metir ɗari biyu, ba a yarda a yi gidan kwana ba, ba a yarda a hura wuta ba. Noma dai ba a hana ba."

"To, bisimilla," in ji shi. "Ai da nisa."

Igiyar awon metir hamsin ce. Aka ja ta sau huɗu. Ta huɗun ta tsallake tushen ginin, ta wuce shi da kamar taki talatin. Balarabe ya ce a sake. Aka sake, ta faɗa inda ta faɗa da farko.

"Munira, ubana ya nomi gonar nan, na nome ta. Su da suka zo jiya su ya kamata su matsa."

"Kana da gaskiya, Kawu. Kamata ya yi a zo maka tun ba ka haƙa ba. An makara."

Ya rage murya. "Jawo turken baya kaɗan. Wa zai sani?"

"Ba zan iya ba. Gaz ɗin nan in ya yi yoyo, ba sama yake tashi kamar hayaƙi ba. Ƙasa yake bi, ya gangara inda ya fi kwari. Dubi yadda gonarka ta kwanta, duk nan ta zubo. Amarya ta ƙyasta ashana da safe, wa zai tare?"

Ya saɓa gatarinsa ya tafi, ita kuma ta sa aka kafa turakun, aka shafa musu jan fenti. Mako uku ba ya amsa wayarta. Da uwarta Delu ta je ba shi baki, cewa ya yi karatun lakol ya koya wa yarinya auna ƙasa, bai koya mata auna magana ba.

Ana nan sai Jaye ya sauko da shanunsa. Makiyayi ne da ke kafa ruga a wannan gefen gonar kowane rani, shanu su ci kara su bar taki. Balarabe ya tarye shi, ya zayyana masa komai, yana sa ran ya sami abokin fushi. Jaye ya saurara, ya dogara da sandarsa yana kallon tankunan.

"Shanu za su iya kiwo a nan?"

"Za su iya."

"Wuta fa?"

"Ita aka hana."

"To, ba za mu sauka nan ba. Da yara ƙanana muke tafe, Malam, ba mu kwana babu wuta. Ka ba mu can arewa, wajen gawo."

"Kai ma ka yarda da zancen takarda?"

"Ni ban iya karatu ba. Amma da muka biyo ta bayan katangar, iska ta kawo mana wani wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, shanu suka ƙi tsayawa. Ban tambayi kowa ba."

Washegari Balarabe ya zagaya bayan katangar shi kaɗai. Bai ji warin komai ba, amma ya ga wani ma'aikaci ya tsayar da direban kamiyo, babbar motar kaya, a ƙofa, ya sa shi ya kashe taba ya take ta da ƙafa kafin a buɗe masa.

Da ya koma gida ya kira Lurwanu, ya ce a kwashe tubalin a kai arewa. Nan ne wurin da gero ya fi yi a gonar duka, kuma ginin ya ci kusan kashi ɗaya cikin huɗu nasa. Wajen jigila tubali da yawa suka farfashe, sai da aka sake bugawa, aka ɗage auren zuwa bayan Babbar Salla.

Shi da wasu manoma biyar da awon ya taɓa suka haɗu suka sa aka rubuta takarda, suna neman a ba su filin gini a wani wuri a madadin wanda suka rasa. Munira ce ta nuna musu ofishin da za su kai ta. An karɓa, an buga hatimi, aka ce su dakata. Har damina ta faɗi amsa ba ta zo ba, Balarabe ya cike ramin tushen ya shuka wake a kai.