Sirdin Ɗahiru Mai Ɗaukar Mutum Biyar da Rago

Duk Tawa babu wanda ya kai Ɗahiru iya walda, kuma babu wanda ya kai shi yawan faɗin haka da bakinsa. Sana'arsa ƙara wa moto, wato babur, tsawon sirdi. Ɗan kabu-kabu zai kawo moto mai ɗaukar mutum biyu, ya koma da abu kamar bencin masallaci. Shekara goma sha ɗaya yana wannan aiki salin-alin, sai ranar da ya ga ya isa a yi masa allon talla.

Allo kam ya yi kyau. An zana mutum biyar bisa moto suna washe baki, rago a cinyar na ƙarshe, ga ɗan sanda a gindin itacen bedi yana gyangyaɗi. A ƙasa aka rubuta da jan fenti: “Sirdin Ɗahiru, mutum biyat da rago. Doka ta ce biyu, amma doka ba ta da iyali.” Har daga Tebaram da Affala mutane suka riƙa zuwa kallo. Kwana tara da kafa shi aka kawo masa takardar kira.

Hankalin Ɗahiru ya tashi ƙwarai, don in aka rufe shagon ba shi da wata hanyar abinci. Matarsa Zahara, wadda ta fi shi lissafi nesa ba kusa ba, ta zaunar da shi ta koya masa amsa: ya ce wasa ne kawai, ya rufe bakinsa. Sai da ya maimaita sau uku ta bar shi ya fita.

A komiseriya, wato ofishin 'yan sanda, ya tarar da wani ɗan sanda mai sanyin magana, Abdurazak. Ɗahiru ya fara da cewa shi bai taɓa ɗaukar mutum biyar ba, zana su kawai aka yi, su kuma mutanen fenti ba a kama su. Abdurazak bai yi musu ba. Ya dai bayyana masa cewa in mutane za su ɗauki allon da gaske, to zuga jama'a ce su karya doka, za a rufe shago. In kuwa raha ce da mai hankali ba zai yarda da ita ba, sai ya shafe layin ƙarshe ya tafi gida. Ɗahiru ya ce wasa ne, ya kuma ji daɗin kansa da ya tuna.

Abdurazak ya jawo takarda yana rubutu yana karantawa a fili: “Mai shago ya yarda cewa sirdinsa ba ya iya ɗaukar mutum biyar.”

Nan fa aka taɓa Ɗahiru inda yake masa ciwo.

“Ranka shi daɗe, mi ka rubuta? Wa ya ce bai iyawa?”

“Kai ka ce wasa na, Malam Ɗahiru.”

“Maganar doka ita ta wasa. Sirdi ba wasa ba na. Ƙarfen gadon asibiti nika sa mai!”

Abdurazak ya roƙe shi har sau biyu ya sa hannu ya tafi. Ina! Ɗahiru ya riga ya fita fili wajen motonsa mai dogon sirdi. Ya tattaro mai shayin bakin ƙofa, da wani tsoho da ya zo cigiyar jakinsa, da maza biyu da aka kawo kan rikicin itacen kuka, waɗanda suka manta da faɗansu suka rungume juna don kar su faɗi. Ranar Lahadi ce ta kasuwar dabbobi, rago bai yi wuyar aro ba. Ɗahiru ya tayar da moto, ya fita titi, ya zaga shataletale, ya dawo ya tsaya cak a gaban Abdurazak yana haki da alfahari. Sirdi ko motsi bai yi ba.

Abdurazak ya yage takardar farko ya ɗauko sabuwa. Yanzu ba sauran gardama a kan fenti, ya gani da idonsa. Aka cire allo, aka ci shi tara, aka rufe shago wata guda.

Zahara ta yi kwana biyu tana fushi da shi, kuma abin ya dame shi fiye da tarar. A rana ta uku ta karɓi takardar ta sa maƙwabciya ta karanta mata. An rubuta cewa an kama shi ɗauke da mutum biyar har da shi kansa da rago ɗaya, moto na tafiya lafiya lau, ga hatimi ga sa hannu.

Ta miƙa masa ƙusa huɗu.

“Tai ka kahe ta ga ƙohwar shago, Malam. Wagga dai ba mu munka rubuta ta ba.”