Kwana Uku a Gonar Mutanen Daji

Malam Junaidu ya zo ƙauyensu da ke bayan Kurya Madaro duba yayansa Sirajo, wanda ciwon ƙafa ya kwantar, sai ya tarar da saƙon 'yan bindiga: kowane gida ya ba da namiji ɗaya, a yanke musu dawa kwana uku. Gidan da bai bayar ba, ya kuka da kansa.

Shekara goma sha ɗaya Junaidu yana koyar da kwamfuta a wata sakandare a Kaura Namoda, hannunsa ya manta lauje. Amma babu wani namiji mai lafiya a gidan sai shi. Ya tuɓe agogo ya ba Mero, matar yayansa, ya bi ayari.

Kafin azahar tafin hannunsa ya yi kanta ya fashe. Kusa da shi Baba Nuhu ne, tsohon da ya haura sittin, yana yanka ba ya ɗagowa. Can sai Junaidu ya yi wata 'yar dariya mara daɗi.

"Mi ya ba ka dariya, Malam?"

"Baba, makon jiya na koya wa ɗalibai sunan injin nan mai aiki kamar mutum, robot. Daga yaren Cek aka samo shi, can Turai. Aikin tilas da talaka ke yi a gonar mai ƙasa suke kira robota, mai yin sa kuma robotnik. Tushen kalmar a tsohon harshen kakanninsu, rab, bawa ke nan. Har allo na rubuta shi, ina jin daɗin na san abu."

Baba Nuhu ya dubi mai gadinsu da ke zaune a inuwa da bindiga a cinya.

"Su yanzu suna yi?"

"An daɗe da hanawa. Doka aka kafa."

"To su suna da mai kafa doka. Yanka, Malam, yana kallonmu."

Rana ta uku aka sallame su bayan sun ɗaure dammuna sun kai rumbu. Baba Nuhu bai iya takawa ba, a kan babur aka maido shi, bai kuma ƙara fita gona ba. Dawar Sirajo kuwa tsuntsaye sun ci rabinta.

Ranar Litinin Junaidu ya shiga makaranta da tsumma ɗaure a hannu. Shugaban makaranta ya miƙo masa takardar tuhuma, ya ce ya bayyana a rubuce dalilin rashin zuwansa aiki. Yatsunsa suka kasa riƙe biro, sai abokiyar aikinsa Malama Naja'atu ce ta rubuta masa. Da ta tambayi abin da za ta sa, ya ce ta rubuta rashin lafiya.