Muryar Ƙarfe Biyar

Tun farko sai da na gaya wa ƙanwata Lucyna, na ce, "Ki ce masa ya ci abinci, ya gyaɗa kai, ya kama hanya. Kada ya buɗe baki." Ina! Yarinyar nan kunnen ƙashi gare ta.

Saurayin nata Bogumil lektor ne. Kun dai san aikinsu: fim ɗin waje ya zo, a rage muryar 'yan wasan, namiji ɗaya ya zauna da takarda ya karanta mana komai da yaren Poland. Shi ne jarumi, shi ne budurwar jarumi, shi ne kakarta, shi ne ɗan sandan da ya zo kama su. Ƙa'idar aikin kuwa kada ya sa rai a ciki ko kaɗan. Mace tana birgima a ƙasa an kashe mata ɗa, shi zai ce "wayyo ɗana" kamar mai sanar da cewa jirgin ƙasa zai makara. Mu a haka muka tashi, kuma wanda bai so ba ya je ya koyi Turkanci.

Matsalar ita ce mahaifiyarmu Henryka. Shekararta saba'in da ɗaya, kuma babu abin da aka nuna a talabijin da ba ta yanke masa hukunci ba. Fina-finan yanzu, in ji ta, duk a cikin duhu ake ɗaukar su don kada a gane 'yan wasan ba su iya ba. Waƙoƙin yanzu kuwa injin wanki ne ya haɗiyi cokali. Abu ɗaya take kallo, wani shirin Turkiyya da ake sawa kullum ƙarfe biyar na yamma, shi ma don ta samu damar zagin wani likita mai gashin baki da ya yi wa mata uku alkawarin aure. To, Bogumil ne ke karanta shirin. Lucyna kuma ta rantse ba za ta yi aure ba sai Mama ta ce ta yarda, ga shi shekararta talatin da takwas, wannan ne na farko da ta taɓa kawowa gida.

Ranar Lahadi ya iso da furanni bakwai, ya cire takalminsa ya zura silifas na baƙi, ya sumbaci hannun Mama ba tare da ya ce uffan ba. Har na fara murna. Aka zuba miyar kaza da taliya, ya kai cokali biyu, sai shaiɗan ya zuga shi.

"Uwargida Henryka, miyar nan ta yi daɗi."

Cokalin Mama ya tsaya a hanya. "Sake faɗa."

"Miyar ta yi daɗi."

"Maƙaryaci!" Ta buga teburi har kwanon kabeji ya yi tsalle. "Kai ne ka bar 'yar mai gidan burodi a tashar mota da ciki wata bakwai!"

"Haba Mama," in ji Lucyna, "karantawa kawai yake yi!"

Ni kuma bakina bai iya zama lafiya ba, na ce, "Ai ita ma 'yar mai burodin shi ne, Mama. Kansa ya yaudara."

"Ke Danuta, rufe min baki. Kun ɗauka ni yarinya ce? Na san karantawa yake yi." Ta nuna shi da ludayi. "Ranar Juma'a kaɗai sau tara ka ce ina son ki. Na ƙirga. Huɗu likitan nan ne, uku matan ne, ɗaya wani tsoho ne da ke mutuwa, ɗaya kuma ga doki aka faɗa. Duk da murya ɗaya, irin wadda ka yabi miyata da ita yanzu. To gaya min, in ka ce wa 'yata kana son ta, ta yaya zan gane ba dokin kake nufi ba?"

Bawan Allah ya goge goshi, ya sa hannu a aljihu ya zaro takarda. Wallahi takarda! Ya rubuto neman auren nasa, har da 'yan alamomin inda zai ja numfashi. Ya gyara murya ya fara: "Tun ranar da na ga Lucyna, zuciyata ta daina zama tawa." Kalmomin ba laifi, amma ni kaina sai da na waiwaya na ga ko an kunna talabijin. Dariya ta ƙwace min, na toshe baki da tsumman teburi. Da na dubi Lucyna sai dariyar ta koma ciki, don idanunta sun kawo ruwa. Na gane ita ma ta daɗe tana yi wa kanta tambayar dokin nan.

Mama ta miƙa hannu ta fizge takardar, ta ɗaga ta zauna a kai.

"Yanzu faɗi."

Shekara ashirin mutumin nan yana magana a kunnen ƙasa guda bai taɓa sarƙewa ba. Ranar nan ya buɗe baki, iska kawai ta fito.

"Ni... wato... Lucyna..." Ya juya ya dube ta. "Ita idan za ta yi atishawa, sai ta... sai ta fara ba da haƙuri tukun. Tun kafin ta yi. Kuma ni... ni ba na so in..." Nan muryar ta tsage, ta haura sama kamar ta ɗan zakaran da ke koyon cara. "Ba na so ta riƙa ba wani haƙurin. Ni nake so ta ba."

Kunnuwansa suka yi jawur. Ni dai ban taɓa jin neman aure mai muni irin wannan ba, amma Lucyna ta rufe fuska tana kuka tana dariya.

Mama ta ajiye ludayin.

"Shekara shida ke nan da babansu ya rasu," ta ce. "Tun daga ranar, babu muryar namiji da ta shiga falon nan sai taka. Na zage ka, na yi maka Allah ya isa, na jefe ka da silifas, gobe ƙarfe biyar ka dawo. Waɗannan biyun kuwa sai Lahadi nake ganin su, ita ma ba kowace Lahadi ba."

Kunya ta kama ni ƙwarai. Na sunkuyar da kai ina juya taliyar da ta riga ta huce.

Ta zaro takardar daga ƙarƙashinta, duk ta yamutse, ta miƙa masa.

"Na ba ka Lucyna. Amma wannan muryar mai rawa, wadda ka yi yanzu, da ita za ka riƙa yi wa 'yata magana. Ta ƙarfe biyar tawa ce."