Tebur Mai Gajeriyar Ƙafa

Da muka ɗauko Inna daga tsohon gidanmu, abu ɗaya ta ce lallai sai an sa mata a mota: ɗan teburin katakon da ke gefen gadonta. Tsufa ya mai da shi baƙi wuluk, samansa duk shatin gindin kofi, ga 'yar durowa guda mai ƙamshin man zafi. Mun ce mata wata biyu kawai za ta yi a wurina, kafin a gama gyaran rufi. Ƙarya muka shirga mata. Titi ne zai bi ta kan gidan, kuma sati uku da tashinta aka rushe shi. Yayyena suka taru suka ɗora mini faɗa mata gaskiya, wai ni ce auta, bakina ya fi zaƙi. Haka suke, sai abu ya yi ɗaci suke tunawa da ni.

A gidana teburin ya ƙi zama. Ka ɗora kofi ya karkata, ka ɗauke ya dawo, ƙwas, ƙwas, a kan tayil. Na ninke takarda zan cusa a ƙarƙashin ƙafar, Inna ta buge mini hannu.

"Bar shi, Auta. Baƙunta yake yi. In mun koma zai tsaya."

Da la'asar rana kan ratso labule ta kwanta a kansa. Sai Inna ta ɗora tafin hannu, ta lumshe ido, tana ɗan kaɗa shi kamar mai lallashin jariri. Daga nan ta tafi ke nan. Jikinta na nan, ita tana can. Ta ce ga inuwar bishiyar lemo tana rarrafe a bango, ga Babanmu ya shigo yana karkaɗe hula, ga rediyo yana magana ƙasa-ƙasa. Ni ma in na daɗe a gefenta sai in fara jin ƙamshin ɗakin nan, har in manta motoci ne yanzu ke bi ta inda gadonta yake. Sau nawa ina buɗe baki zan faɗa, sai in ɓige da tambayarta ko za ta sha ruwa. Tsoro nake ji, gaskiya. Gani nake ranar da na faɗa, abin da ke riƙe da ita zai sake ta.

Ran nan kafinta ya zo gyaran ƙofar kicin, wani dattijo mai fensir a bayan kunne. Ƙarar teburin ta jawo shi har bakin ɗaki. Ya gaishe da Inna, ya nemi izini, ya kifa teburin, ya daɗe yana duba ƙafafun.

"Hajiya, wannan ba lalacewa ya yi ba. Da gangan aka rage ƙafar nan. Ga inda zarto ya bi."

"Maigidana ne," in ji Inna. "Daɓen ɗakinmu yana da tudu ta wajen taga. Ya ce gyaran daɓe sai manya, shi dai ƙafa zai rage." Ta yi dariya. "Rowa ce kawai, Allah ya jiƙansa."

"Amin. Ai ya iya aiki, da ɗakin ya auna shi. In a nan zai zauna, sai in rage sauran ukun su zo ɗaya. Amma fa in na yanke, ko an mai da shi can ba zai ƙara tsayawa ba."

Na yi wuf na ce, "A'a Malam, bar shi, ai komawa za ta yi."

"Auta."

Inna ba ta ɗaga murya ba. Ta miƙa hannu ta shafa gajeriyar ƙafar a hankali, tun daga sama har ƙasa. Sannan ta kwance bakin zaninta, ta ciro makulli ta ajiye a cinya.

"Tun da aka kawo ni babu wanda ya ce in ba shi wannan. Masu gyaran rufin ta ina suke shiga?"

Na kasa haɗa ido da ita. 

"Na ga kina ta fama da bakinki, na ce bari in jira ki. To, kin daɗe." Ta juya wajen kafintan. "Yanke, Malam. Amma kar ka rage da yawa. Hannuna ya saba da tsayinsa."