Masarar da Ta Ƙi Girma

A shekarar ƙarshe ta karatun noma a Shabu, an ɗora wa kowane ɗalibi aikin taimakon al'umma na wata uku. Malamai sun fi damuwa da littafin aikin: kowace ziyara a rubuta ranarta da abin da aka yi, a manna hoto, mutumin ƙauye ya sa hannu. Wanda aka ƙi littafinsa zai maimaita shekara.

Afra'u ta zaɓi Adogi. Za ta koya wa mata ajiye irin wake a buhu mai leda biyu a ciki, wanda ke toshe iska har ƙwari su mutu ba tare da magani ba. Ta je sau ɗaya a watan Afrilu, ta yi jawabi mai daɗi a tsakar gidan wata dattijuwa, Iyatu, ta ce bana kada kowa ya zuba magani, buhuna na nan tafe. Daga nan sai jarrabawa, sai ruwa ya ɓata hanya, sai kuma babu wani dalili, ba ta dai koma ba.

Saura kwana huɗu a karɓi littattafai ta cusa hijabi goma sha ɗaya a jaka, ta ja ƙawarta Ngunan mai waya mai kyau, suka hau babur. A bakin gonar Iyatu aka yi aikin wata uku kafin la'asar. Afra'u ta shiga bayan bishiyar mangwaro da shuɗin hijabi, ta fito da ja, Ngunan ta ɗauka. Iyatu ta dangwala yatsa sau goma sha ɗaya ba ta tambayi dalili ba. Buhunan kawai ta tambaya, aka ce mata mako mai zuwa.

Dakta Aondofa, malamin da ke duba aikin, ya yaba rubutun. Sannan ya jera shafukan a tebur, daga Afrilu har Yuli, ya ɗora biro a kan abin da ke bayanta a kowane hoto.

“Afra'u, shekara biyar muna koya miki noma. Wace irin masara ce wannan, wata uku tana nan iya gwiwa? Ki kawo mini irin, mu yi bincike.”

Ta kalli takalminta. Ta tuna da hijabi, ta tuna da canza biro, ta manta shuka na girma. Ya miƙa mata sabon littafi, ya ba ta mako guda: ta koma Adogi ta rubuta abin da ta tarar. Layi ɗaya na ƙarya, su haɗu baɗi.

Ta koma tare da Ngunan, da buhuna goma. Sauran matan sun daɗe da zuba maganinsu da suka ji shiru. Iyatu kaɗai ta jira, don a gidanta aka yi maganar, kuma 'yar jami'a ce ta faɗa. Ta ɗauko tukunyar irin da za ta shuka a Agusta, ta juye a faifai. Rabi gari ne. Sauran kowace ƙwaya da hujinta, ƙwari na yawo a kai ba sa ko sauri.

Afra'u ta jira faɗa, har ta so a yi mata. Iyatu ta goge babban yatsanta a zani ta miƙo.

“Kawo littafin, 'yata. Rubuta ya yi kyau, kar su kore ki.”

Afra'u ta zauna a kan turmi ta rubuta cewa sau ɗaya ta zo, ta hana mutane magani, ta ɓace, irin Iyatu ya lalace saboda ita. Ta karanta mata da Hausa. Iyatu ta ce an tsananta, amma ta dangwala. Da Ngunan ta ɗaga waya, Afra'u ta kauce, ta nuna faifan.

Dakta Aondofa ya karanta shafin nan guda, ya ba ta maki mafi ƙanƙanta da ake wucewa da shi. Hoton faifan kuwa ya manna shi a allon sanarwa na sashen, babu suna a ƙasa. Har ta gama makarantar, ta ƙofar baya take shiga.