Saura Kashe

"Ɗaga! Ku ɗaga mana!" in ji shugaban leburorin. Su huɗu ne, sun zura ƙarafa a ƙarƙashin dal ɗin ƙofar gidan Baba Abdulmumin, wato falan simintin da ake takawa a tsallake kanibo. Kanibon nan shi ne babbar magudanar ruwa da ta ratsa layinmu a Kara-Kara, ta raba gidajenmu da titi. Faɗinsa ya fi taku biyu, zurfinsa ya kai ƙirjin namiji. Tun da hantsi suke bin layi suna ɗebe duk abin da aka shimfiɗa a kansa, nawa ma sun riga sun fasa shi, kuma ni Bashir tela na yi masifa har muryata ta dushe.

Wani ma'aikaci mai suna Idris yana tsaye da takarda a hannu, yana maimaita abin da ya gaji da faɗi. "Kanibo kayan hukuma ne. Doka ta hana a rufe shi, ko a yi gini a kansa, ko a zuba shara. Mai son wurin tsallakewa ya ajiye dosiye, wato takardun neman izini, a biro, ofishinmu ke nan, a ba shi izini."

Na zaci Baba zai fi kowa faɗa, tunda ƙafarsa ta hagu ta shanye tun bara. Sai na gan shi zaune a bakin zaure, ya dogare da sanda, yana leƙen baƙin taɓo da ledojin da suka cushe a inda aka ɗaga dal ɗin.

"Gaskiyarku, ɗana," ya ce wa Idris. "Me da me ake kawowa?"

Wallahi haushinsa ya fi na leburorin kama ni.

Dokar garin nan kwana uku ce, kowa ya sani. Kafin Juma'a ta zagayo kowa ya samo abin da ya shimfiɗa: wani tsohuwar ƙofa, wani ƙarfen gado, ni kuma katako biyu. Ƙofar Baba kaɗai ta zauna da rami a gabanta. Akwai 'yar ƙofa a katangar da ke tsakanin gidana da nasa, wadda mata suka huda don aron wuta da turmi. Ta nan 'yarsa Zahra'u, wadda ta dawo gida bayan rasuwar mijinta, take sunkuyowa ta bi ta gidana ta fita.

Na same shi da maganar. "Baba, ga ragowar katako, bari in sa maka. Wa zai gani?"

"Ruwa zai gani," ya ce.

"To ka riƙa biyowa ta gidana."

"In sunkuya ta ƙofar mata, in taka abin da aka hana? Bashiru, da hannun nan na haƙa kanibon nan, ina saurayi. Kuma ka san abin da ya ci mini."

Na sani. Shekarar da ruwa ya ci unguwa, shara ce ta toshe a ƙarƙashin dal-dal ɗinmu, ruwa ya rasa hanya ya shigo gidaje. Ɗakin ƙasa ya rufta wa matarsa Lubabatu tana ƙoƙarin fitar da hatsi. Bayan ƙafarsa ta shanye ne Zahra'u ta sa aka zuba musu nasu dal ɗin, kuma ashe bai taɓa zauna masa daidai a rai ba.

Sannan ya ce, "Abu ɗaya nake roƙo. Ta ƙofar nan na shigo da amarya, ta nan aka fitar da ita. Ni ma ranar da tawa ta zo, ta nan za a fitar da ni. Kada a cusa ni ta ramin katanga kamar buhun gero. Ka kai mini dosiyen nan."

Haka aikin ya faɗo a kaina. Na rufe shago na hau kabu-kabu, na yi ta safa da marwa. Yau a ce hoton katin ɗan ƙasa bai fito ba, gobe a ce tambur, wato kan sarkin da ake liƙawa, bai cika ba, jibi a ce sai an zo an auna. Ranar da Idris ya zo da igiyar awo ya tambaye shi faɗin da yake so, Baba ya ce, "Faɗin makara da masu ɗaukarta." Idris ya yi dariya, da ya ga ba wasa ba ne sai ya sunkuyar da kai ya rubuta.

Baba ya sa aka yanko masa katako mai kauri daidai awon, aka shigo da shi ta saman katanga, aka jingine a zaure yana jiran takarda. Masallacinmu yana tsallaken titi, daura da ƙofarsa. Kullum sai ya shimfiɗa buzu a bakin zaure ya bi liman daga nan, kanibo a tsakaninsu. In an sallame mutane su tsaya a bakin ramin su gaishe shi da ɗaga murya, kamar mai tafiya a kwalekwale. Wata biyu ƙafarsa ba ta taka titi ba.

An ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa. Ni dai dutsen na gani. Na gaji da zaman benci a biro, na gaji da waɗanda suka kawo ɗinki suna zagina, na gaji da tsohon da ba zai karya doka da taku biyu ba alhali gari duka ya karya.

Wata ranar Litinin na dawo da labari mai ɗan daɗi. "Baba, shef, shugaban biron, ya sa hannu. Sun ce saura kashe."

Kashe shi ne hatimin da suke bugawa a kan takarda, kowa a Damagaram ya san haka. Amma Baba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Saura kashe? To ai shi suke yi tun tuni, a hankali."

"Mai riƙe da shi ne ya tafi garin Guna ta'aziyya."

"Allah ya ji ƙan musulmi. Ya yi zamansa, kada ya yi gaggawa saboda ni."

Tarin nan bai sake shi ba. Da damina ta kankama danshin zaure ya shiga ƙirjinsa. Zahra'u ta roƙe shi a kai shi likita ta gidana, ya ƙi, sai wani ma'aikacin lafiya ne ya sunkuyo ta 'yar ƙofar ya yi masa allura. Ranar Laraba bayan sallar azahar na ɗaga wa Baba hannu daga tsallake bai ɗaga ba. Yana zaune a kan buzunsa, kansa jingine da katakon, carbi ya zame ƙasa.

A kan katakon nan muka yi masa wanka, ni da liman, don babu abin da ya fi shi faɗi a gidan. Da aka gama suturta shi aka sa a makara, sai jama'a suka yi cirko-cirko a bakin kanibo. Wani ya ce, "A shimfiɗa katakon mana, minti biyu ne." Wani ya ce a jawo na Bashir. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Daga bayan labulen zaure muryar Zahra'u ta fito, a dushe. "Yaya Bashir, ya ce kada a sa sai takarda ta zo."

"To ta ina za a fitar da shi?" in ji liman.

"Ya ce ta ƙofarsa."

Hadari na haɗuwa ta gabas, kuma ba a barin mamaci yana jira. Ban san lokacin da na tuɓe takalmi na naɗe wando ba. Na dira cikin kanibon, taɓo ya kama ni har gwiwa, wari ya bugi hancina. Mahamud mai nama ya diro kusa da ni, sai wasu biyu, sai wasu biyu, har muka zama shida, uku suna fuskantar uku. Na cikin zaure suka miƙo makarar. Muka karɓe ta a saman kawunanmu, hannu ya ba hannu, muna salati, har ta isa ga waɗanda ke jira a titi. Ba ta da nauyi ko kaɗan, wannan ne ya sa ni kuka. Muka ɗauraye taɓon ƙafafunmu muka shiga sahun jana'iza.

Ranar sadakar uku Idris ya zo da ambulan. Ya ga tabarmi da mutane zaune, ya tsaya a bakin ramin. Da ƙyar ya ce, "An buga kashen jiya."

Ba wanda ya zage shi, ni ma da nake da baki ban iya ba. Ya karanta mana: an yarda a sa katako ɗaya, kada a kafe shi da siminti, a ɗage shi duk lokacin da ruwa zai sauka ko za a yashe kanibo. Ni da shi muka ɗauko katakon muka shimfiɗa. Ya zauna daram, bai rage ko yatsa ba. Idris ya tsallaka ya durƙusa a bakin zaure ya yi wa Zahra'u gaisuwa.

Da la'asar iska ta taso, masu zaman makoki suka naɗe tabarmi suka watse. Ina tsaye a ƙofar shagona na ga Zahra'u ta fito da hijabi har ƙasa. Ta duƙa ta kama bakin katakon, tana ja tana hutawa, har ta shigar da shi zaure ta jingine shi a inda yake dā, kusa da buzun. Yayyafi ya fara. Jan ruwa ya gangaro daga saman layi, ya wuce ƙofarta salin-alin, ya zo ya tara ledoji a jikin katakona.